Mai Ƙara Na Rubuta

Litinin, 6 ga Janairu

Yaya,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da aiki. Yaya kunnen? Sau uku na kira ka makon jiya kana ta “Wa ke magana?” har na gaji na kashe. Shi ya sa na ce bari in koma takarda irin ta da.

Mu dai sai godiyar Allah. Baban yara da sauƙi in aka kwatanta da watan da ɓarin jikinsa ya shanye. Hannu da ƙafar dama ba su dawo ba tukuna, amma yana zama, yana ci da hagu, magana ma ta fara fitowa ɗai-ɗai, ko da yake ni kaɗai nake gane ta sosai. Saboda matakala mun sauko da gadonsa ɗakin ƙasa, wanda bangonsa ke haɗe da gareji. Ƙanwarsa tana zama da shi daga safe zuwa ƙarfe biyu, ta tafi ɗauko jikokinta, ni kuma in tashi daga makaranta in iso biyu da rabi.

Za ka yi dariya: na koyi tuƙi, ina da shekara hamsin da huɗu. Mutumin da ya yi shekara talatin yana jan motar asibiti, yau shi ake kaiwa gashin ƙashi sau uku a mako, matarsa ta ƙanƙame sitiyari kamar za a ƙwace mata. Yana gefe yana runtse ido.

Abin da ya sa na rubuto, ƙofar gareji ce. Ka san ta, kai ka taya shi kafa ta shekarar da muka dawo gidan nan. Shi da hannu ɗaya yake ɗaga ta, ni kuwa sai na sa kafaɗa na yi nishi. Ranar Asabar ta kuɓuce mini ta faɗo, saura ƙiris ta sare hancin motar, kuma tun daga nan kafaɗata ta dama kamar an kafa mata ƙusa. Na je shagon masu injin ƙofa, mai shagon ya yi ta jero mini: mai sarƙa, mai bel, mai sanda, har da wanda ake kafewa a bango. Na fito kaina ya fi ɗaurewa.

Wannan sana'arka ce. Ko da yake sai an zauna an jero kakanni kafin a gano inda muka haɗu, shekara ukun da ka yi a gidanmu kana karatu kana cinye rabona sun ba ni ikon in dame ka. Wanne za mu sa?

Ƙanwarka.

Juma'a, 24 ga Janairu

Ƙanwata Sarkin Tsiwa,

Na sami takardarki jiya, sai da ta kwana tara a ofishin kamfani saboda muna can wajen gari muna sa ƙofofin wani rumbun kaya. Lafiyarmu ƙalau. Kunne kuwa injin yankan ƙarfe ya riga ya ci rabonsa, na hagu ne yake ɗan lallaɓawa. Ki gaishe mini da Direba, ki ce masa in ya ga kin nufi kwata ya yi salati kawai, duk mun bi ta nan.

Maganar rabonki kuma, ke kike barin kwano ki tafi tsokana. Ni taimakon abincin nake yi.

To, ki zauna in yi miki karatu, yau malama ta zama ɗaliba. Duk injin nan aikinsu ɗaya: a danna rimot, su ja ƙofa sama, su sauke ta. Inda suka bambanta shi ne abin da suke ja da shi.

Mai sarƙa, sarƙarsa irin ta keke ce, tana bin dogo a jikin silin. Jaki ne, ba ya gajiya, kowane makaniki zai iya gyara shi. Aibinsa baki. In ya tashi, gida duka sai ya sani, har maƙwabta su san kin dawo.

Mai bel kamar wancan yake, sai dai a maimakon sarƙa an sa bel na roba mai zaren ƙarfe a ciki. Yana aiki kamar kyanwa tana tafiya. Bel ɗin na yanzu suna daɗewa ƙwarai, kuma ba ruwanki da shafa giris.

Mai sanda, doguwar sandar ƙarfe ce mai zare tana juyawa. Yana da sauri, amma yana son mai a kai a kai, in an manta da shi ya yi ta kuka. Ke da jinya da makaranta ba ki da wannan lokacin. Na bango kuwa na masu dogon silin ne ko masu rataye kaya a sama, garejinku bai buƙace shi ba. Ki cire biyun nan daga ranki.

Ko wanne aka zaɓa, a tabbata yana da batir don ranar da aka ɗauke wuta, da idanu biyu a ƙasa masu tsayar da ƙofa in wani abu ya gitta. Kuma tun da kin ce ta faɗo miki, sifirin ɗin da ke ɗauke nauyinta ya saki. Kada ki sake taɓa ta, ki bar motar a waje. In ba a canza sifirin ba, inji ma wahala zai sha.

Ni dai da ɗakin mara lafiya a jikin bango, mai bel zan ce. Amma gidan Direba ne, ƙofarsa ce. Ki karanta masa wannan takarda, ki ji ta bakinsa. Kada a yi masa aski ba ya nan.

Ki nuna wa likita kafaɗar nan.

Yayanki.

Lahadi, 9 ga Fabrairu

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Ka yi haƙuri da rubutun, likita ya rataye mini hannun dama, da hagu nake jagwalgwalawa. Da ɗalibina ne ya kawo mini irin wannan da na mayar masa ya sake.

Na karanta masa takardarka. Da na zo wajen kwata ya yi dariya har da tari, rabon da in ji dariyarsa tun kafin ya kwanta. Da na gama jero masa injinan na ce, “To, wanne?” Ya daɗe yana kokawa da kalmar kafin ta fito. Ya ce mai ƙara yake so. Na sake tambaya, ya maimaita, har yana buga katifa da hannu. Ka san halinsa in ya kafe.

Wa zai sa mana a nan? Ina tsoron in kira wanda zai ɓata ƙofar. Wata malama ce take rage mini hanya yanzu, amma hannun zai sauka nan da mako biyu.

Ƙanwarka.

Laraba, 19 ga Fabrairu

Ƙanwata,

Sannu da hannu, Allah ya ƙara sauƙi. Rubutunki kuwa, kamar kaza ta taka tawada ta yi yawo a kan takarda. Sai da na sa tabarau na bi shi sannu a hankali.

Na ga Direba ya ce mai ƙarko yake so. Maganar manya ke nan. Ki kwantar masa da hankali, mai bel ɗin da na zaɓa zai yi shekara goma sha biyar bai ce uffan ba. Ga ƙarko ga shiru, an jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya.

Na riga na tura shi. Akwai wani tsohon abokin aikina a garinku, Mai Walda muke ce masa, shekara goma muka yi tare kafin ya koma gida. Zai zo ranar Asabar ta sama ya canza sifirin ya kafa injin. Kada ki yi masa maganar komai, mun gama da shi, kuma kada ki yi mini godiya. Lokacin da Direba ya kwanta ban samu na zo ba, abin yana cina har yau. Bari ko wannan in yi.

Yayanki.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Ƙanwata,

Lafiya kuwa? Mako bakwai ke nan ba takarda. Mai Walda ya aiko mini cewa aiki ya yi kyau, ƙofar tana tashi kamar labule. Na zaci zan ji daga gare ki, ko da tsiwa ce. Na sa matata ta kira lambarki sau biyu ba a ɗauka ba.

In rimot ne ya ba ki matsala, batirinsa ɗan ƙarami ne kamar maɓallin riga, ana samu a shagon masu agogo. In kuma wani abu na yi, ki faɗa mini. Yaya jikin Direba?

Yayanki.

Talata, 22 ga Afrilu

Yaya,

Na ga takardunka biyu. Daga asibiti nake rubuto wannan, a kan benci, bakin ɗakin masu karaya. Yau kwanansa ashirin da shida a nan.

Ya faɗi. Ranar wata Alhamis, bayan ƙanwarsa ta tafi, ya ja jiki ya sauko daga gado shi kaɗai, mutumin da sai mu biyu muke tayar da shi. Na shigo na same shi a ƙasa tsakanin gado da ƙofa, ƙugunsa ya karye. An yi aiki, amma kwanciya ta jawo masa ciwon huhu. Maganar da muka yi wata bakwai muna tattarawa ta koma.

Mai ƙara na rubuta, Yaya. Ƙa-ra. Ban rubuta ƙarko ba. Ka ɗauko takardar ka duba.

Ka san abin da ya sa yake son mai ƙara? Maganin da yake sha da rana yana sa shi gyangyaɗi. Motar nan ba ta da sauti, bangon kuma mai kauri ne. Tun da ya kwanta, abin da yake jira kullum shi ne ƙarar tsohuwar ƙofar in na buga ta sama, ya farka ya san na dawo. Rabin awar nan da yake shi kaɗai, da wannan ƙarar yake auna ta. Kai kuma ka aiko masa da kyanwa. Ina makaranta aka zo aka kafa, na dawo na tarar an gama. Bai ce komai ba, saboda kyautarka ce, kuma ka san shi da kara.

Ranar nan ina ga ya farka bai ji ni ba, ya ɗauka wani abu ya same ni a hanya, ya tashi zai leƙa taga.

Kai da bakinka ka ce kada a yi masa aski ba ya nan. Ya faɗi abin da yake so da ɗan harshen da ya rage masa, ka ji abin da kake so ka ji. Kai ne gwani, mu ba mu san komai ba.

Kada ka sa matarka ta kira. Ba na iya magana.

Ƙanwarka.

Asabar, 3 ga Mayu

Ƙanwata,

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya tashi kafaɗunsa, ya ba ki juriya.

Na ɗauko takardar. Na fita da ita tsakar gida cikin hasken rana, na ba matata ta karanta ba tare da na gaya mata komai ba. Ta ce, “Mai ƙara.” Na ce ta sake dubawa. Ta ce, “Ai ga shi nan, Malam, ko makaho ya shafa zai ji.”

Ba rubutunki ba ne, ni ne. Shekara talatin da biyar ina wannan aiki, ba wanda ya taɓa ce mini yana son inji mai ƙara. Kowa shiru yake nema. Idona ya ga kalmar, kaina ya gyara ta tun kafin ta iso. Da na tsaya na tambaye ki dalili, takarda ɗaya ce kawai. Na yi gaggawa don ina so in wanke kaina daga rashin zuwa gaishe shi, sai ga abin da na jawo.

Ban nemi ki yafe mini yanzu ba. Na yi wa Mai Walda magana, yana da mai sarƙa a ajiye. Ranar da kika ce, zai zo ya cire wancan ya sa wannan, kafin a sallamo Direba, ya dawo ya tarar da abin da ya nema. Na kuma nemi hutu a wajen aiki, sun ce sai an miƙa rumbun nan a ƙarshen wata. Ina gamawa zan taho, ko ba za ki kalle ni ba. In zauna a gefen gadonsa in gaya masa da bakina.

Ki riƙa cin abinci. Mai jinya ma jiki gare shi.

Yayanki.

Lahadi, 19 ga Oktoba

Yaya,

Ina gaishe ka da iyali. Na san 'yarmu ta sanar da kai rasuwar babanta a ranar, kuma na san ka zo a rana ta uku. Ina ciki ina jin muryarka a waje, ka san ba ka iya magana a hankali ba. Aka ce kana son ganina, na ce a gaya maka ba na jin daɗi. Takardunka uku na bayan nan suna nan, na karanta. Ka ɗauka fushi nake yi da kai. Kunyarka nake ji.

Na yi maka ƙarya. Ba na makaranta ranar da aka kafa injin, Asabar ce, kai ma da ka lura da ka gane. Ina tsaye Mai Walda ya buɗe kwalin, ya ɗago bel ɗin ya ce, “Malama, wannan ko jariri ba zai tayar ba.” Na san ba shi aka nema ba. Kalma ɗaya zan faɗa ya mayar da shi mota. Sai na je na kawo masa ruwa.

Tun daga ranar, in na dawo daga makaranta sai in shiga gareji, ƙofa ta sauka a bayana, in kashe mota in zauna. Minti goma. Ba wanda ya san na dawo. Ba a kirana, ba fo, ba magani, ba juya shi, ba littattafan yara. Wani lokaci in yi kuka, wani lokaci in kalli bango kawai. Sannan in goge fuska in shiga da sallama kamar yanzu na iso. Wata bakwai ban sami minti goma nawa na kaina ba, Yaya, sai da injinka ya ba ni.

Ranar da ya faɗi ina cikin motar. Barci ne ya sace ni a kan sitiyari. Bango ɗaya ne tsakaninmu. Da na farka uku ta wuce.

Wannan na ɗauka na ɗora maka, don ya fi ƙarfina. Ka yafe mini.

Kwana biyu kafin ya cika, zazzaɓin ya sauka da safe, hankalinsa ya dawo sarai. Na ce ba zan bari ya tafi ban faɗa masa ba. Na durƙusa a bakin gadon na fara, ban kai rabi ba ya matse mini yatsu. Ya ce, “Na sani.”

Na ce, “Ka san me?”

Ya ce, “Fitila.”

Ashe injin yana da fitilar da ke kamawa in ƙofa ta motsa. A saman bangon nan kuma akwai ɗan gilashin da shi da kansa ya sa tun ana gini, ni har na manta da shi. Labulen ɗakin a sauke yake da rana. Ashe ya daina yarda barci ya ɗauke shi, yana kwance yana kallon gilashin. Kullum yana ganin hasken ya kama, ya san na iso, ya dubi agogo ya jira.

Na ce, “Don me ba ka taɓa faɗa mini ba?”

Ya ce, “Ki huta.”

Na ce, “To me ya tashe ka ran nan?”

Ya daɗe kafin ya haɗa ta. Ya ce, “Kin daɗe. Hayaƙi.” Sai na tuna. Lokacin da yake jan motar asibiti ya taɓa ɗauko wani mutum da barci ya kwashe a rufaffen gareji mota tana kunne, bai kai asibiti da rai ba. Ya kwana biyu bai ci abinci ba a lokacin. Da ya ga minti goma sun zama talatin, bai nufi taga ba. Ƙofar gareji ya nufa, da ƙafa ɗaya, zai fito da ni.

Ya rasu ranar Laraba da hantsi, ina riƙe da hannunsa na hagu.

Ka gaya wa Mai Walda ya sayar da mai sarƙan, kada ya ci gaba da ajiye mini. Na koma makaranta makon jiya. Ƙanwarsa tana so in dawo wajenta, 'yarmu ma tana so, ban ba kowa amsa ba. In ka sami hutu ka zo, wannan karon zan fito.

Abu ɗaya zan tambaye ka, tun da sana'arka ce. Har yanzu in na dawo ina zama a motar, jiya sai da aka kira la'asar. Fitilar nan minti huɗu take yi ta mutu. Akwai yadda ake yi ta daɗe a kunne?

Ƙanwarka.